Wuƙar Maƙeri: Darasin Da Kaduna Za Ta Koya Daga Birnin Sakai

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko kasuwar Kawo a kwanakin da Babbar Sallah ta gabato, zai tarar an baje wuƙaƙe iri biyu. Ga waɗanda aka shigo da su daga waje, masu mariƙin roba, suna ta ƙyalli. Ga kuma baƙaƙen wuƙaƙen maƙera, da tabon guduma a jikinsu. Ɗan makaranta yakan miƙa hannu ga mai ƙyallin. Tsohon mahauci kuwa, wanda yake yini da wuƙa a hannu, sau da yawa baƙar yake ɗauka, ya gwada kaifinta a kan farcensa, ya biya ba tare da dogon ciniki ba. Mahaucin nan ya san cewa baƙar wuƙa tana karɓar washi, kuma tana riƙe kaifi. Abin da bai sani ba shi ne dalili, kuma dalilin nan kimiyya ce tsantsa.

Abin takaici shi ne ɗalibin da yake haddace darasin zafi da na sinadarai a aji, shi ne yake wuce maƙera ba ya ko waiwaye, don yana ganin ƙira sana'ar jiya ce. Wannan kuskure ne babba, kuma ƙasar Japan ta isa shaida. Ƙasa ce da ta yi nisa wajen ƙera motoci da na'urori, amma har yau maƙeranta suna ƙera wuƙar girki da hannu, masu dafa abinci na duniya suna rububinta. Bambancin wuƙar Japan da ta Kaduna ba a basirar maƙeri yake ba. Yana ga irin ƙarfen da aka ba shi, da awon da aka koya masa, da kuma darajar da aka ba sana'arsa.

Abin da ke faruwa a cikin wuta

Zallan baƙin ƙarfe ba shi da tauri sosai, ba ya riƙe kaifi. Abin da ke ba shi tauri shi ne ɗan sinadarin kabon da ke gauraye a cikinsa, wato sinadarin nan da ya cika gawayi. Rodin gini kabon ɗinsa kaɗan ne, don haka wuƙar da aka ƙera da shi takan dakushe nan da nan. Sifirin mota kuwa yana da kabon wajen kashi 0.6 cikin 100, shi ya sa maƙera suke farautarsa. Idan kabon ya haura kashi 2 cikin 100, sai ya zama ƙarfen zubi, wanda yake fashewa idan an doke shi.

Lokacin da maƙeri ya sa ƙarfe a wuta aka yi ta zuga, da zarar zafi ya wuce digiri 727 a ma'aunin santigired, ƙwayoyin zarra na ƙarfen sukan soma sauya tsarin zamansu, su buɗe gurabe, kabon ya narke ya shiga tsakaninsu. Idan aka bar ƙarfen ya huce a hankali, kabon zai fito ya koma inda yake, ƙarfen ya yi laushi. Amma idan aka tsoma shi cikin ruwa ko mai farat ɗaya, kabon ba zai sami damar fita ba, sai ya maƙale, ya ɗaure tsarin ƙarfen tamau. Wannan shi ne ban ruwa. Ƙarfen da ya sha ruwa yana da tsananin tauri, amma yana karyewa kamar gilashi. Saboda haka sai a sake ɗumama shi kaɗan, a rage masa gautsi. A nan maƙeri yakan lura da launi: ruwan ƙasa-ƙasa mai haske irin na busasshiyar ciyawa yakan bayyana wajen digiri 220, shuɗi kuma wajen digiri 300. Wato idon maƙeri shi ne ma'aunin zafinsa.

Yadda ake yi a Sakai

Birnin Sakai, wanda yake maƙwabtaka da Osaka, ya yi suna wajen wuƙa tun ƙarni na 16, lokacin da Turawan Fotugal suka kai taba Japan, aka buƙaci wuƙaƙen yanka ganyenta. A shekarar 1876 gwamnatin Japan ta hana yawo da takobi, sai maƙeran takubba da dama a ƙasar suka juya ga ƙera wuƙaƙe da kayan aikin gida, suka taho da ƙwarewarsu.

Dabararsu ita ce haɗa ƙarfe biyu a wuƙa guda. Maƙeri yakan ɗauki falle na ƙarfe mai laushi, ya ɗora masa siririn yanki na ƙarfe mai yawan kabon, wanda yakan haura kashi 1 cikin 100. Sai ya barbaɗa garin boraks a tsakaninsu don ya kore dattin da wuta ke haifarwa, ya gasa su har su yi jajawur, ya yi ta duka har su manne su zama abu ɗaya. Mai taurin shi ne bakin wuƙa, mai laushin kuma shi ne gadon bayanta, yana shanye bugu, yana hana ta karyewa, yana kuma sauƙaƙa washi. Kafin ban ruwa akan shafe wuƙar da ruwan yumɓu, kuma maƙeri yakan rage hasken ɗaki don ya ga launin ƙarfe sosai.

A Sakai mutum ɗaya ba ya gama wuƙa. Maƙeri ya ƙera, gwanin washi ya fitar da kaifi a kan duwatsu daga mai kaushi zuwa mai santsi, wani kuma ya sa mariƙi na katako da zoben ƙaho. Kowane aiki da wuƙarsa: deba ta fasa kifi, yanagiba ta yanka tsokarsa siri-siri, usuba ta kayan lambu. Muhimmin abu shi ne maƙerin ba ya laluben ƙarfe a bola. Yana sayen ƙarfen da masana'anta ta auna sinadaransa, kamar wanda ake yi a garin Yasugi, don haka ya san zafin da zai ba shi tun kafin ya hura wuta. Bugu da ƙari, a 1974 Japan ta kafa dokar raya sana'o'in gargajiya, aka shigar da wuƙaƙen Echizen ƙarƙashinta a 1979, na Sakai kuma a 1982. Akan zana suna a jikin wuƙa, mai saye ya san wanda zai yaba wa, da wanda zai zarga.

Kaifi da lafiya

Mai karatu na iya tambaya, ina ruwan ilimin halittu da wuƙa? Ruwansa da tsaki. Nama da kayan lambu tarin ƙwayoyin halitta ne, kowace kamar 'yar jaka cike da ruwa. Wuƙa mai kaifi tana tara ƙarfin hannu a kan siririn layi, ta ratsa ta wuce. Dakusasshiya kuwa murƙushewa take yi, ta farfasa ƙwayoyi masu yawa, ruwansu ya tsiyaye. Wannan ruwa abinci ne ga bakteriya, kuma shi ya sa abin da aka dagargaza yake saurin lalacewa. Hawayen da albasa ke sa uwargida ma daga nan yake: idan ƙwayoyin albasa suka fashe, wasu sinadarai da ke rabe sukan haɗu su saki iska mai yaji. A shekarar 2002 ne masana a Japan suka bayyana enzayim ɗin da ke haɗa wannan iska. Iyakar yawan ƙwayoyin da aka fasa, iyakar yawan hawaye.

A mayankar Tudun Wada lamarin ya fi haka nauyi. Wuƙa mai kaifi tana datse manyan jijiyoyin wuya a lokaci guda, jini ya zuba da sauri, dabba ta fita hayyacinta ba tare da doguwar azaba ba, wanda shi ne abin da addini ya yi umarni da shi. Dakusasshiyar wuƙa kuma ita ce mai zamewa ta sari mai riƙe da ita, domin sai an danna ta da ƙarfi. Ashe ingancin aikin maƙeri ya shafi abincin gida, da tausayin dabba, da yatsun mahauci.

Gadon da ake wasa da shi

Ƙira ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. A Taruga, kusa da Abuja, an tono tandunan narka tama na mutanen Nok waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma ƙauyen Nok da aka sa wa wannan wayewa sunansa yana cikin Jihar Kaduna. A Dutsen Dala na Kano an sami alamun narka ƙarfe tun ƙarni na 7. Hausawa sun raba sana'ar gida biyu, maƙeran baƙi masu aikin ƙarfe da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, kuma har Sarkin Maƙera ake naɗawa. A 1994 Philip Jaggar ya wallafa littafi sukutum a kan maƙeran birnin Kano.

Da zuwan jirgin ƙasa da motoci, tsofaffin ƙarafa suka wadata, aka daina wahalar haƙar tama da narka ta. Kamfanin ƙarfe na Ajakuta da aka soma a 1979 bai kai ga narka tama a babbar tandarsa ba. Saboda haka maƙerin yau ya dogara ga abin da 'yan gwangwan suka kawo. A tsohuwar kasuwar Panteka, daf da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ana sarrafa tsohon ƙarfe a mai da shi kayan aiki iri-iri. Sai dai wanda yake aiki da ƙarfen da bai san asalinsa ba, caca yake yi: wuƙar yau ta yi kyau, ta gobe ta tsage a cikin ruwa, alhali hannu ɗaya ne ya ƙera su.

Masu cewa a bar wa injin

Akwai masu ganin cewa wannan duk ɓata lokaci ne, tunda masana'anta tana fitar da dubban wuƙaƙe a yini, masu araha, waɗanda ba sa tsatsa. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda Harry Brearley ya samar a Shefil ta Ingila a 1913, yana ɗauke da sinadarin kuromiyam fiye da kashi 10 cikin 100, kuma yana da sauƙin tsaftacewa. Wuƙar maƙeri kuwa sai an wanke, an tsane, an shafa mata mai, kuma tsagaggen mariƙin katako maɓoyar bakteriya ne. Haka kuma gawayin ƙirya da maƙera suka fi so daga itace yake fitowa mai jinkirin girma, wanda ake ta sarewa ba a dasawa. A Japan ɗin ma, tsofaffin maƙera suna kokawa da ƙarancin magada.

To amma araha ba ta ado. Wuƙa mai arha da aka yi da ƙarfe mai laushi, watanni kaɗan take yi a jefar, kuɗin kuma ya tafi waje. Wuƙar maƙeri ana wasa ta shekara da shekaru har ta siranta, idan ta lalace mai gyaranta yana nan cikin unguwa. Kuma illolin da aka lissafa duk masu magani ne. Maƙeran Echizen, da suka ga sana'arsu tana neman durƙushewa, haɗa kai suka yi a farkon shekarun 1990 suka gina maƙera ta bai-ɗaya a Takefu, inda baƙi ke kallon aiki, matasa ke koyo. Ba su jira injin ya binne su ba.

Abin da ya kamata a yi

Matakin farko yana hannun malaman kimiyya. Malami ya nemi izinin maƙeri, ya kai ɗalibansa su tsaya nesa da tartsatsi su ga darasi da idonsu, domin gani ya kori ji. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a digiri 770, don haka ɗan maganaɗisu a bakin doguwar waya ya isa ya nuna cewa an kusa kai zafin ban ruwa. Tartsatsin da ƙarfe ke fitarwa a kan injin washi yana nuna yawan kabon: mai yawan kabon tartsatsinsa yakan yi rassa yana fashewa. A ɗakin gwaji kuma, a yanka albasa da wuƙa mai kaifi da dakusasshiya, a duba bakin yankan a ƙarƙashin madubin ƙara girma. A wannan ziyara ɗalibi zai ba maƙeri abin da ya sani, alal misali cewa hayaƙin ƙarfen da aka shafe da zinki, irin na kwanon rufi, yana jawo zazzaɓi da ciwon ƙirji. Maƙeri kuma zai ba shi abin da babu a littafi.

Mataki na biyu na manyan makarantu ne. Hedkwatar Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1977, a nan Kaduna take. Ba abu ne mai wuya ba a auna irin ƙarafan da maƙera suka fi amfani da su, a rubuta da Hausa zafin da ya dace da kowanne, da wanda ke son ruwa da wanda ke son mai. Su kuma maƙera su haɗa kai su riƙa sayen ƙarfe sananne, kowa ya buga tambarinsa a jikin wuƙarsa, ya tsaya a kan ingancinta. Makarantu su sa ƙirya cikin itatuwan da suke dasawa.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Uwar maƙera da masaba da awartaki suna nan, masu riƙe da su ma suna nan, sai dai furfura tana cim musu. Idan yaran da suka san kabon da ma'aunin zafi ba su zauna a gabansu yanzu ba, ranar da za a neme su sai a tarar wutar ta mutu. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.