Ƙwaryar Haya: A Mayar da Biki Tsakar Gida

A shekarar 2025 Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano ta haramta shagalin da ake kira ranar ƙauyawa, wato yinin da ƙawayen amarya da abokan ango ke yin shigar mutanen karkara, su rangaɗa kwalli, su ɗauki ƙwarya da ludayi, a kaɗa musu su taka a ɗakin taro na haya. Hukumar ta kafa hujja da kare tarbiyya, aka kuwa yi ta muhawara kan rawa da cakuɗuwar maza da mata. Sai dai akwai tambayar da muhawarar ta tsallake. Yaya aka yi ƙwarya da faifai da tabarma, kayan da kakar amarya ta yi jere da su a ɗakinta, suka koma kayan haya waɗanda mai ƙawata wuri ke kawowa a mota da la'asar, ya kwashe abinsa bayan isha?

Ranar ƙauyawa tana da 'yan'uwa: ranar Fulani, daren Larabawa, ranar Indiya. Abin da ya haɗa su shi ne jigo, wato a zaɓi manufa guda, sannan a sa tufafi da ado da abinci da kayan rabo su bi ta. Jigo ba laifi ba ne, ba kuma baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Kamu da sa lalle da wuni da buɗar kai, kowanne yana da launinsa da ƙamshinsa da abincinsa tun kaka da kakanni. Abin da ya sauya shi ne inda jigon ke fitowa. A da daga cikin gida yake tasowa, hannun dangi ne ke gina shi. Yau sayensa ake yi a dunƙule, kamar yadda ake sayen katon na taliya, a wajen wanda bai san amarya ba, bai san uwarta ba. Wannan sauyi ne ya cancanci a yaƙa, kuma doka ba za ta iya yaƙinsa ba. Sai masu biki da kansu.

Abin da ake biya

Duk wanda ya aurar da 'ya a birni cikin 'yan shekarun nan ya san jerin. Kuɗin ɗakin taro, wanda ake ƙidaya wa awoyi. Kuɗin mai ƙawata wuri, da furanninsa na roba da balan-balan da labulen da ya rataya a bikin wasu jiya, zai kuma rataya a na wasu gobe. Kuɗin mai kiɗan na'ura da mai gabatarwa da mai hoto. Kuɗin abincin da za a zuba a robar ɗauki-ka-tafi. Kuɗin buga kati, da na ƙartin da za su tsaya a ƙofa suna duba katin. A ƙarshe kayan rabo: bokiti da kofi da kalanda, an manna musu hoton ango da amarya.

Mafi yawan waɗannan kaya daga ƙetare ake shigo da su, don haka farashinsu dala yake bi. Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a kasuwar canji a watan da ya biyo baya, dalar da gwamnati ke sayarwa a kan kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na wannan shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Albashi bai yi irin wannan tsallen ba. Amma jerin bukukuwa bai ragu ba, domin babu uwar da ke son a ce bikin 'yarta bai kai na 'yar maƙwabciya ba. Sai a kwashe adashi, a sayar da 'yan kunne, a ci bashi. Amarya ta tare, iyayenta kuwa su shekara suna biyan kuɗin furen da ba su ko taɓa da hannunsu ba. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Wanda aka bari a bakin ƙofa

Asarar kuɗi ita ce ƙarama. Ɗakin taro yana da adadin kujeru, kujera kuwa tana haifar da kati, kati kuma yana haifar da zaɓe. Wa ake fara cirewa idan kujeru sun gaza? Gwaggon da ba ta da kuɗin anko, da tsohuwar da ta yi wa uwar amarya wankan jego, da maƙwabciyar da ke ara wa gidan turmi shekara ashirin. Bikin tsakar gida bai san wannan ba. Ƙofa a buɗe take, almajiri ya samu rabonsa, a kuma aika yara da kwanuka gida-gida, har wajen mara lafiyar da ba ta iya fitowa.

Tun da walima ake kiran yawancin irin wannan taro, ya dace a tuna yadda ta samo asali. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya zargi walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta. Walimarsa ta auren Nana Safiyya, a kan hanyar dawowa daga Khaibara a shekara ta 7 bayan hijira, ba ta da nama ko gurasa. Shimfiɗun fata aka baza, kowa ya kawo abin da ke gare shi na dabino da cuku da man shanu, aka cuɗa, aka ci. Wanda ya kira taronsa walima, sannan ya tsayar da mai gadi ya kori talaka, ya riƙe sunan ya saki ma'anar.

Yadda ake gina jigo da hannu

Masu kasuwar ado sun yi nasarar cusa wa jama'a cewa bikin gida shi ne bikin da ba shi da tsari. Gaskiyar ita ce ya fi na haya buƙatar tsari, kuma tsarin ba boyayye ba ne.

Matakin farko shi ne a ciro jigon daga abin da ake murna da shi. Walimar saukar Alƙur'ani ta zo da adonta a hannu: allon zayyana, wanda gwani ke yi wa ɗalibi zane mai launuka idan ya sauke. A jingine shi a wurin da ya fi fitowa, a ɗauko launukansa a yi shimfiɗa da su, a jera 'yan alluna da tawada da alƙalamin gamba a gefe, ado ya kammala. Bikin suna zai iya tsayawa a kan faifai: a saƙa su da launi biyu ko uku, a jera a bango, a rufe kwanuka da su. Wunin biki zai iya ɗaukar shuni, a kai farin yadi marina a rino shi, a yi labule da shimfiɗar amarya. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yau tana aiki, kuma Kasuwar Kurmi, da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ba ta rasa ƙwarya mai zane da akushi da mafici da kayan dukanci ba. Kowane gari yana da kwatankwacinsu.

Mataki na biyu shi ne a san abin da ke jure ajiya da abin da ba ya jurewa, domin a kan wannan ake raba kwanaki. Turaren wuta da humra su ake fara haɗawa, makonni kafin ranar, saboda sai sun daɗe a rufe suke kama ƙamshi. Matan Borno su ne malaman wannan fanni. Nakiya, wato garin shinkafar da aka soya aka kirɓa da zuma ko sukari da mai da kayan yaji, tana yin watanni ba ta lalace ba, don haka ita ke biye. Alkaki yana son kwaɓinsa ya kwana ya yi tsami kafin a murza, a naɗe, a soya, a tsoma a zuma ko narkakken sukari. Shi da dubulan da cincin da gireba aikin makon ƙarshe ne. Ƙullun waina da na sinasir da daddare ake haɗawa, a soya da safe. Kunun aya kuwa sai ranar, domin idan babu ƙanƙara 'yan awoyi kaɗan sun ishe shi ya juya.

Mataki na uku shi ne a damƙa kowane aiki a hannun mutum guda da aka ambaci sunansa. Wance ce mai miya, wance mai shimfiɗa, wane mai rumfa da ruwa da itace. Aikin da aka bar wa kowa, ba wanda ke yinsa.

Na huɗu kayan rabo. A gwada bokitin roba na goma sha biyu da mace ta samu a bana da ɗan faifai mai ɗauke da alkaki uku da nakiya da ƙullin turaren wuta. Na farko zai ƙare a bayan gida, hoton amarya yana ɓarewa da ruwan wanki. Na biyu za a cinye, a turara ɗaki, faifan kuma ya shiga aikin kicin. Sabulun salo da man kaɗanya da ƙullin lalle duk suna yin wannan hidima, kuma kuɗinsu a unguwa yake tsayawa.

Abin da masu ja ke cewa

Suna cewa gidajen birni sun matse, wanda ke haya a bene ba shi da tsakar gida. Haka ne. Amma matsin wuri hujja ce ta rage taro ko raba shi, safe na tsofaffi, yamma na ƙawaye, ko a koma babban gidan dangi, ko a kafa rumfa a ƙofar gida da izinin maƙwabta. Daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda falonsa ke ɗaukar mutum talatin, ya gayyaci ɗari biyar, ba gidan ne ya gaza ba.

Suna cewa matan yau ma'aikata ne da ɗalibai, ba su da kwana uku na murza alkaki, kuma wahalar bikin gida a kan mata take ƙarewa. Wannan ita ce hujja mafi nauyi, bai kamata a wuce ta da murmushi ba. Amsarta ita ce aikin hannu bai zama dole ya zama aikin kyauta ba. A kowace unguwa akwai matan da sana'arsu ke nan, da yawansu zawarawa ne ko masu riƙon marayu, suna yin alkaki da dubulan da turare a cikin gidajensu. A biya su da daraja, ba tare da ragi irin na wulaƙanci ba. Maza kuma su ɗauki nasu kason na rumfa da ɗebo ruwa da yanka da share wuri, maimakon su miƙa kuɗi su ɓace.

Suna cewa masu ɗakunan taro da masu ado su ma abinci suke nema. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a rufe musu kasuwa. Taron da ya fi ƙarfin gida zai ci gaba da nemansu. Tambayar ita ce ina kuɗin ke zuwa. Na furen roba, babban kasonsa yana tafiya ga mai shigo da kaya da masana'antar da ke wata nahiya. Na tabarma da faifai yana shiga hannun masaƙiya da mai yankan kaba da mai rini.

Suna kuma cewa mutanen da ma sun yi gasa, kuma nan ma ba su yi ƙarya ba. Jere ya tashi daga ƙwarya zuwa tasa, daga tasa zuwa kwanon sha da fanteka, daga nan zuwa tangaran, kowane zamani da abin da yake gwada arziki da shi. Gara ta sha durƙusar da iyaye. Littafin Baba of Karo, wanda Mary Smith ta fitar a 1954 daga bakin wata dattijuwa ta ƙasar Zazzau, cike yake da labarin gudummawar da ƙawaye ke yi wa juna a lokacin biki, wadda dole a rama idan na ɗayar ya zo. Nauyi ne, babu shakka. Amma nauyi ne da ke ɗaure mutum da mutum, kuma abin da aka kashe yana komawa ɗakin amarya ko cikin dangi. Gasar yau tana ɗaure mutum da mai bin bashi, abin da ke saura kuma hoto ne a waya.

Abin da ke shirin ɓacewa

Ba a koyon naɗin dubulan a makaranta. A kwanakin biki ake koyonsa, yarinya na zaune kusa da kakarta, ta ɓata biyar, na shida ya yi kyau. A nan take jin waƙoƙin daka, a nan take sanin wace ce ƙanwar kakanta, da dalilin da ya sa ake wasa da mutanen gidan wane. Idan aka mayar da biki awa uku a ɗakin da ƙarar kiɗa ba ta barin mutum ya ji na kusa da shi, an rufe wannan makarantar. Yaran da suka tashi a haka su ne za su ɗauki ƙwarya a matsayin kayan wasan kwaikwayo, su sa tufafin kakanninsu don a yi dariya, alhali ɗan ƙauyen da suke kwaikwayo shi ke noma shinkafar da ke cikin robar da aka miƙa musu.

Hukuma ta iya hana ranar ƙauyawa, amma ba za ta iya shiga gida ta kafa turmi ba. Wannan hukunci na uwar biki ne da uban biki, kuma ba sai an jira aure ba. Suna na nan tafe, da sauka, da walimar tarewa a sabon gida. A ɗauki ɗaya daga ciki, a ƙidaya mutanen da tsakar gida za ta ɗauka, a zaɓi jigo guda, a aika wa mai alkakin unguwa tun da sauran mako biyu, a bar ƙofa a buɗe. Idan an watse, a zauna a yi lissafin abin da aka kashe da abin da ya rage a gidan, a gwada shi da na bikin bara.