Dokar kulle da layin asuba a Nima

A ƙarshen Maris 2020 gwamnatin Gana ta kulle Akra da Kumasi mako uku saboda korona. Ba mu ga laifinta ba, annoba ba ta san iyakar gunduma ba. Dokar ma ta yarda a fita ɗiban ruwa da zuwa makewayin haya. To amma a Nima, inda gidaje da yawa ba famfo ba makewayi, wa zai tsara layin asuba ba cunkoso? Ɗan majalisar unguwa da sarkin zango ne suka san lungunan. Shugaban gunduma kuwa naɗin shugaban ƙasa ne, kunnensa na can sama. Gwamnati ta kafa doka, mun yarda. Yadda za a bi ta a zango, a bar wa waɗanda ke kwana cikinmu.