Mai Jinyar Ƙafa Da Komawa Fagen Gudu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a cikin wasiƙun da suka iso wannan fili makon jiya akwai ta wani ɗan'uwa, ma'aikacin gwamnati mai shekara 48, da ke zaune a Malali nan Kaduna. Ya ce tun da likita ya gaya masa yana da hawan jini ya kama yin sassarfa bayan sallar asuba, har ya shekara uku a kai, wani lokaci ya kan kai Dandalin Murtala ya kewaya tare da jama'a ran Asabar. A daminar bana ya zame ya faɗa kwalbati, ƙashin idon sawunsa ya tsage, aka naɗe shi da filasta mako shida. Yanzu an kwance, zafi ya lafa, amma jininsa ya fara hawa, teɓa kuma tana dawowa. Abokansa sun rabu biyu. Wasu sun ce ya haƙura da gudu, girma ya zo, komawa jefa kai ne cikin halaka. Wasu kuwa sun ce ya cije ya koma yadda ya ke dā tun gobe, wai jinkiri ragwanci ne da ƙarancin tawakkali. Shi ne ya ke tambaya, wanne zai bi?

To, malam, kada ka bi ko ɗaya. Ka koma, amma ba gobe ba, ba kuma daga inda ka tsaya ba. Ni dai ba likita ba ne, abin da na karanta Larabci ne da fiƙihu. Sai dai ciwon da ka ke kuka da shi ya taɓa kwantar da ni, na kuma zauna gaban masu gashin ƙashi na sha tambayarsu, har na gane cewa abin da su ke faɗa yana nan cikin littattafan da mu ke karantarwa a zaure, mu ne ba mu lura ba.

Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Buhari da Muslim su ma sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shirya tseren dawaki a Madina, ya kuma raba dawakin kashi biyu. Waɗanda aka hore ya sa suka taso daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i. Waɗanda ba a hore ba kuwa daga Saniyya zuwa masallacin Banu Zuraiƙ kaɗai. Sufyanu, ɗaya daga cikin masu ruwayar, ya ƙiyasta tazarar farko mil biyar ko shida, ta biyu kuwa mil ɗaya. Horon nan Larabawa suna kiransa talmiri. A kan ciyar da doki sai ya yi ƙiba, sa'an nan a rage masa harawa, a lulluɓe shi da barguna ya yi ta gumi, har kitsen ya narke naman ya ɗaure. Malaman lugga sun ambaci kwana 40 ga wannan aiki.

Duba nan da kyau. Dokin da ba a hore ba, ba a hana shi shiga tsere ba, ba a kuma ce ya bi sahun horarru don ya nuna zuciya ba. An yanka masa tazara daidai halin da ya ke ciki ran nan. Mutumin da ya yi mako shida ƙafarsa cikin filasta, ko da shi ne ya ke gaba a Dandalin Murtala bara, yau dokin mil ɗaya ne. Masu dawakin folo na garin nan sun san wannan sarai, ba wanda zai fito da doki daga jinya ya sa shi wasa washegari, don ya san kuɗin da ya zuba. Abin mamaki, shi wannan mai dokin sai ya yi wa ƙafarsa abin da ba zai yi wa dabbarsa ba.

Dalilin da ya sa mutane ke ruɗuwa shi ne, gaɓoɓin jiki ba tare su ke warkewa ba. Zafi shi ke fara tafiya. Ƙashin babban mutum ya kan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu kafin ya haɗe, na ƙwauri ma ya kan zarce haka, kuma bayan ya haɗe yana ɗaukar watanni yana ƙara ƙarfi. Naman sha-raɓa da na cinya kuwa tun cikin filasta su ke motsewa, duk wanda aka kwance wa ɗori ya ga yadda ƙafa ɗaya ta fi ɗaya siranta. Sa'an nan idan an koma motsa jiki, zuciya da huhu su kan farfaɗo cikin 'yan makonni, alhali jijiyoyi da ƙashi suna can baya ba su iso ba. Nan ne tarkon ya ke. Mutum zai ji numfashinsa ya dawo, ya ce ai na warke, ya ƙara tazara. Ga shi kuwa a cikin gudu kowane taku ƙafa ɗaya ce ke karɓar abin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki. Mai kilo 90 sai ya yi lissafin abin da ya ke ɗora wa ƙashin da jiya-jiya aka haɗa.

Ni targaɗe ne kawai na yi, ba karaya ba. Ciwon sukari ya sa ni sassarfa da sassafe, ran nan cikin duhun hunturu na taka bakin rami a wani layi na Unguwar Rimi. Kwana goma sha huɗu kumburi ya saɓe, na ji kunyar ɗalibaina su riƙa ganina da sanda, na koma na yi tazarata cif kamar yadda na saba. A rana ta uku ƙafar ta sake turguɗewa a wuri guda, don jijiyar ba ta riƙe ba tukuna. Abin da zai ci mini wata ɗaya ya ci wata uku, har da karantarwa ƙafa a miƙe kan matashi. Sauri ya haifi nawa. Da na bincika zuciyata ban sami tawakkali a cikin abin da na yi ba, girman kai na samu.

Kada kuma wani ya ce wannan rauni ne na tsofaffi irinmu. Abebe Bikila, sojan nan na ƙasar Habasha, ya ci gudun fanfalaki na kilomita 42 a wasannin Olimfik na birnin Rum a 1960 ba ko takalmi. A 1964 aka yi masa aikin tiyata a ciki, ƙasa da mako shida bayan haka ya sake ci a Tokiyo, har ya kafa sabon tarihi na duniya. Masu cewa a cije suna son wannan labari ƙwarai. Amma ba su cika ƙarasa shi ba. A 1968 a birnin Meziko ya shiga tseren da tsagaggen ƙashi a ƙafarsa, bai kai ko rabin hanya ba tilas ya fita, ɗan ƙasarsu Mamo Wolde ya ci. Mutumin da yankan ciki bai tsayar ba, ƙashi ya tsayar da shi.

To, yaya za a koma? Ga abin da masu gashi suka koya mini, na kuma jarraba. Da fari sai wanda ya duba ƙafar ya ba da izini, kuma ga mai karaya izinin ya kasance bayan an ɗauki hoto. Ba na raina masu ɗorin gargajiya, da yawa sun gaji sana'ar kuma Allah yana warkarwa ta hannunsu, amma hannu ba ya ganin cikin ƙashi. Akwai sashen gashi a manyan asibitocin garin nan, wanda abinsa ya yi tsanani kuma ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Bayan izini sai tafiya. Mutum ya iya tafiyar minti 30 da hanzari, ba ɗingishi, ba kumburi washegari. Ya iya tsayuwa a kan ƙafar da ta yi ciwo ita kaɗai rabin minti, ya iya ɗaga dunduniyarsa a kanta sau da yawa, ya iya ɗan tsalle a kanta ba tare da ya yamutsa fuska ba. Wanda bai iya waɗannan a tsakar gidansa ba, ba shi da abin nema a kan titi. Idan ya iya, sai ya fara gauraya: sassarfar minti ɗaya, tafiyar minti huɗu, ya maimaita sau biyar ko shida, ya koma gida ko da yana jin bai yi komai ba. Gobe ya huta, jibi ya sake. Mako-mako yana ƙara sassarfar yana rage tafiyar. Tazara a ke fara ƙarawa, sauri shi ne na ƙarshe, kuma ba a ƙara su biyun a mako guda. Ya nemi fili mai laushi da ke shimfiɗe, ya bar gefen kwalta mai gangara da duwatsu, ya kuma jira gari ya waye ya ga inda ya ke takawa.

Alƙalin wannan al'amari shi ne safiyar gobe, ba lokacin gudun ba, domin jiki in ya ɗumama ya kan ɓoye ciwo. In an tashi sallar asuba aka ji ƙafa ta kumbura, ko zafin jiya bai tafi ba, to an zarce, sai a koma matakin baya. In kuwa zafin a wuri guda ya ke a kan ƙashi, wanda za a iya nunawa da ɗan yatsa, ko ya sa mutum ɗingishi, sai a tsaya a koma wa likita. Jiki magayi. Mai hawan jini kamar mai wasiƙarmu, in ya ji ƙirji ya ɗaure ko jiri, wannan ba maganar ƙafa ba ce kuma, asibiti zai nufa nan take. Mu masu sukari kuma mu riƙa duba tafin ƙafa kowane dare, don ƙaramin kanta ko gurzuwar takalmi na iya zama gyambo ba mu ji ba.

Akwai wata ɗabi'a da na ke gani musamman wurin 'yan'uwanmu 'yan kasuwa, waɗanda zaman gida ke yi wa nauyi saboda shago. Sai mutum ya biya kemis ya sayi ƙwayar kashe zafi, ya haɗiya, ya fita. Ƙwayar nan ba ta haɗa ƙashi. Mai gadi kawai ta ke sa wa barci, ɓarawo kuwa yana ciki yana aiki. Irin su diklofenak in an daɗe a kansu suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, suna kuma ƙara hawan jini. Taramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa samarinmu. Gudun da ba zai yiwu ba sai da ƙwaya, lokacinsa bai yi ba.

Masu cewa a cije sun tuna mini da Salamatu ɗan Akwa'u, Allah ya yarda da shi, sahabin da ya yi suna wajen gudu. Buhari ya ruwaito cewa an sare shi a ƙwauri ran yaƙin Haibara, a shekara ta 7 bayan hijira, Annabi ya yi masa tofi sau uku, bai sake jin ciwon ba. Wannan mu'ujiza ce, ba a yin ƙiyasi a kanta, mu abin da aka bar mana shi ne neman magani da bin sababi. Abin koyi daga Salamatu yana cikin ruwayar Muslim. Kwana uku kafin fita Haibara, a hanyar komowa Madina daga Zu Ƙarad, wani Ba'ansare da ba a taɓa tsere masa ba ya yi ta kiran abokin karawa. Salamatu ya nemi izinin Annabi, ya diro daga raƙuma. Bai zuba da ƙarfi tun farko ba. Ya bar mutumin ya yi gaba tudu ɗaya ko biyu yana adana numfashinsa, ya matso, ya sake ja da baya, sa'an nan daga ƙarshe ya saki ƙafa ya cim masa, ya riga shi shiga Madina. Gwanin gudun sahabbai ke nan, da lafiyarsa lau, ya san amfanin riƙe kai.

Saura magana ɗaya da mai wasiƙar bai tambaya ba, amma ta shafe shi. Tun da ya karye a kan kujera ya ke salla, kuma daidai ne, sauƙi ne da shari'a ta ba shi. Sai dai sauƙin yana tafiya ne tare da uzurin. Na sha ganin mutum da safe yana kewaya fili da kayan motsa jiki, da azahar kuma ya ja kujera a masallaci ya yi kabbarar harama a zaune. Tsayuwa domin kabbara da Fatiha a sallar farilla wajibi ce ga mai iko. Gaskiya ne idon sawu ko gwiwa na iya yarda da tafiya su ƙi yarda da lanƙwasawar sujada da zaman tahiya, wannan sananne ne ga masu gashi, kada a yi wa kowa mummunan zato. Mai wannan hali sai ya tsaya ya yi karatunsa, ya yi ruku'u, in ya zo sujada ya zauna ya yi nuni. Abin da ya ke iyawa ba ya faɗuwa saboda abin da ya gagare shi.

Saboda haka, malam, kafin ka je hoton da za a sake ɗauka, fara gwada tsayuwar raka'a biyu ta asuba ba jingina. In hoto ya yi kyau, likita ya sake ka, ka fara da minti ɗaya ɗin nan a layinku, Dandalin Murtala kuwa ka ba shi wata biyu ko uku. Ka rubuto mana bayan haka mu ji yadda ƙafar ta yi. Allah ya ƙara sauƙi, shi ne kuma Mafi sani.