Addu'ar Neman Warkarwa: Roƙo Muke Yi Ko Umarni Muke Bayarwa?



Yau ina so mu tattauna a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu bi. Idan aka yi wa mara lafiya addu'a bai tashi ba, sai ka ji ana cewa ai bangaskiyarsa ce ta gaza. Mutum yana kwance yana fama da ciwo, an kuma ɗora masa laifin rashin warkewa. Wani ma har kunyar zuwa asibiti yake ji, don kada a ce ya raina ikon Allah. A ganina wannan koyarwa ba ta da tushe a Littafi Mai Tsarki, kuma tana kashe mutane.

Mu fara da labarin Na'aman a 2 Sarakuna sura 5. Babban hafsan sojan Suriya ne, amma kuturu. Wata ƙaramar baiwa da aka kamo daga Isra'ila ce ta nuna masa hanya. Ya taho da dawaki da karusai da azurfa da zinariya, yana sa rai annabi Elisha zai fito ya ɗaga hannu ya yi wani abin mamaki a gaban jama'a. Elisha ko fitowa bai yi ba, aike ya yi masa ya je ya yi wanka sau bakwai a kogin Urdun. Na'aman ya fusata, ya ce kogunan Dimashƙu sun fi wannan kyau. Sai da barorinsa suka lallashe shi ya ƙasƙantar da kansa ya shiga ruwan, sannan ya warke. To, ku lura da abu biyu. Warakar ta zo ta hanyar da ya raina ne. Kuma da ya miƙa kyauta, Elisha ya ƙi karɓar ko ƙwandala. Gehazi da ya bi bayansa ya karɓa, shi ya kwashi kuturtar. Duk mai saka wa addu'a farashi, ko mai sayar da ruwa da mai a kwalba, ya kamata ya sake karanta ƙarshen wannan sura.

Mu Hausawa mun san kuturta, ba a littafi kaɗai ba. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A waɗannan wurare an yi shekaru ana addu'a safe da yamma, ana wanke gyambo, ana yi wa mutane allurar wani mai da bai cika warkarwa ba. Sai a farkon shekarun 1950 ƙwayar dapsone ta bazu. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna da yawa wuri guda, daga 1995 kuma aka riƙa ba da su kyauta. Waɗanda suka mutu kafin maganin ya iso, bangaskiyarsu ba ta gaza ta waɗanda suka warke daga baya ba. Ni dai na gaskata an amsa wannan addu'a, amma amsar ta zo a cikin 'yar ƙwaya, kamar yadda ta Na'aman ta zo a cikin ruwan kogi.

Ga wani misali kusa da mu. A farkon 1969 wata nas 'yar mishan mai suna Laura Wine ta kamu da wani baƙon zazzaɓi a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Aka kai ta asibitin mishan a Jos, ta rasu. Charlotte Shaw da ta yi jinyarta ita ma ta kamu ta rasu. Ta uku, Penny Pinneo, aka kai ta Amurka, ta sha da ƙyar. A 1970 likitar asibitin, Jeanette Troup, ta yanke a hannu tana binciken gawar wani da cutar ta kashe, ita ma ta tafi. Matan nan sun bar ƙasarsu don hidimar Ubangiji, an kuma yi musu addu'a a majami'u da dama. Uku sun mutu, ɗaya ta rayu. Wa zai iya buɗe baki ya ce ukun ba su da bangaskiya?

Zazzaɓin Lassa ɗin nan har yau yana tasowa a jihar Nasarawa, musamman da rani. Ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashinsa a kan abinci, mu kuwa manoma ne da 'yan kasuwa, muna shanya rogo da shinkafa a bakin hanya, muna tara hatsi a ɗaki. Maganinsa ya fi aiki idan an fara shi a kwanakin farko. Wanda aka ajiye mako guda a ɗakin addu'a yana zazzaɓi, an ɓatar masa da kwanakin da suka fi muhimmanci, kuma masu ɗora masa hannu suna iya kwasa su kai gida. Haka mai tarin fuka: maganinsa wata shida ne, idan ya yanke a wata na biyu don an ce masa ya riga ya warke, cutar takan dawo da taurin kai.

Na san wani zai ce, to ina alkawaran Yesu a kan bangaskiya? Ina Yakubu sura 5, inda aka ce a kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a su shafa mai? Suna nan daram, kuma ba na cewa a daina. Allah yana warkarwa, wani lokaci ta hanyar da likita ma ba zai iya bayyanawa ba. Amma littafin da ya ba mu waɗannan alkawarai, shi ne ya gaya mana Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa ba a cire ba. Shi ne ya gaya mana Timoti yana yawan ciwon ciki, Bulus kuma ya ba shi shawarar abin da zai sha. Bulus ɗin ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas ba lafiya a Militas. Luka, marubucin bishara, likita ne. Yesu da kansa a Getsamani ya roƙi a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sa'an nan ya miƙa wuya ga nufin Uba. Idan Ɗa bai ba Uba umarni ba, mu su wa?

Bangaskiya ita ce amincewa cewa Allah yana da iko kuma yana ƙaunarmu. Tawali'u shi ne yarda cewa shi ke zaɓar hanya da lokaci. Idan aka raba su biyun, addu'a takan koma kamar tsafi, inda ake zaton ƙarfin murya ko yawan kuɗin da aka ajiye shi zai tilasta wa Allah. Maƙwabtanmu Musulmi sukan ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah, mu ma a karin maganarmu muna cewa Allah ya ce tashi in taimake ka.

Saboda haka roƙona ga fastocinmu da dattawa da zumuntar mata shi ne: idan kun je duba mara lafiya, ku yi addu'a da dukan zuciya, sa'an nan ku tambaya ko ya ga likita, ko yana shan maganinsa. Idan kuɗin mota zuwa Lafiya ne babu, a haɗa masa daga baiko. Mu baƙi ne a wannan gari, danginmu suna can Kano da Katsina da Zariya, ikkilisiya da maƙwabta su ne danginmu a nan. Idan kuma rai ya yi halinsa bayan duk ƙoƙari, kada wani ya je gidan makoki yana auna bangaskiyar mamaci. A zauna da iyali, a kai musu abinci, a yi kuka tare da su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti. Sai mun sake haɗuwa.