Zango A Lakwaja

A fitowar da ta gabata na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar yaye, to ku yi mini afuwa, mun ɗaga ta zuwa wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Tafiya ce ta kama ni, na kuwa dawo da labarin da ya ƙi zama a ciki.

Wata ƙawata da muka yi kwalejin ilimi tare ce ta aurar da ƙanwarta a Okene, muka tafi mu huɗu, ni da maigida da babbar 'yata da autana. Duk wadda ke zaune a nan Television ta san tashar da motocin kudu ke lodi, ta kuma san yadda matafiya ke ambaton Lakwaja: wurin da direba ke tsayawa a ci abinci, a kama ruwa, a yi salla, a ƙara gaba. Ni ma iyakar sanin da na yi mata ke nan. A kan hanyar dawowa sai na roƙi maigida mu kwana a can mu yini, yara su ga abin da suke karantawa a littafi. Ya ce, "Malama, me za a gani a wurin ban da ruwa?" Na ce ai ruwan nake so. Ya yi dariya, ya amince, Allah Ya saka masa da alheri.

A Lakwaja ne kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu, kuma daga kalmarmu ta Hausa aka samo sunan jihar Kogi da aka ƙirƙiro a 1991. Abin da ya fi burge yarana shi ne da na gaya musu cewa kogin Kaduna, wanda muke tsallakawa duk ranar da za mu shiga cikin gari, yana gangarawa ne ta ƙasar Nufawa har ya faɗa Kwara daura da Pategi. Wato ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadarmu, wata rana a nan zai biyo.

Da sassafe muka hau dutsen Patti da mota. Daga sama ana hango garin gaba ɗaya da kogunan biyu, ko da yake hazo ya ɗan rage mana gani. Akwai tsohon gidan hutu na Gwamna Lugga a can. A garin nan ne, ranar 1 ga Janairu 1900, aka sauke tutar kamfanin Turawan da ke ciniki a kogin aka ɗaga ta Ingila, aka shelanta cewa Arewa ta shiga hannunsu. Daga baya hedikwatar ta koma Zungeru, sannan Kaduna a 1917. Kin ga ke nan mu mutanen Kaduna muna da hannu a tarihin wurin. Saurayin da ke nuna mana wuri ya ce a kan dutsen ne Flora Shaw ta tsaya tana kallon kogi ta raɗa wa Nijeriya suna. Labarin da daɗin ji, amma abin da ke rubuce shi ne a jaridar Times ta Landan ta kawo shawarar sunan a 1897, ba ta ma auri Lugga ba sai 1902. Ban kunyata shi ba, sai da muka shiga mota na gyara wa yara.

Daga nan muka gangara tsohon gari, unguwar Kabawa, inda kaburburan sarakunan da Turawa suka tuɓe suke. A nan jikina ya yi sanyi. Sarkin Kano Alu Maisango, wanda aka ci Kano a zamaninsa a 1903, an kama shi an kai shi Yola, daga baya aka dawo da shi Lakwaja, a nan ya rasu a 1926. Ki lissafa, shekara 23 ke nan bai sake ganin badalar Kano ba. Sarkin Zazzau Kwasau ma nan aka kawo shi. Haka wanda ya gaje shi, Aliyu Ɗansidi, malami kuma mawaƙi, mai Waƙar Diga da ya yi kan aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, shi ma a nan ya cika a 1924. 'Yata tana aji biyu a babbar sakandare, amma ko ɗaya daga cikin sunayen nan ba ta taɓa ji ba. Ban ga laifinta ba, laifina na gani.

Na san wata za ta tambaya, shin mace na zuwa kabari? Malamai sun yi saɓani a kai, wasu sun hana, wasu sun halatta in babu kuka da kururuwa da yawan zarya. Ni dai na tsaya daga waje tare da 'yata, maigida da yaron suka shiga suka yi sallama da addu'a. Ina tsaye ina tunanin matan da suka biyo sarakunan nan, waɗanda suka baro danginsu suka zo suka haihu a garin da ba su san harshensa ba. Su ba wanda ya nuna mana inda suke kwance.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗaga maganar yaye. Wajen hantsi muka je bakin ruwa don a kai mu mahaɗar kogunan a kwalekwale mai inji. An yi ciniki an gama, maigida har ya sa ƙafa ɗaya, sai na tambayi mai jirgin ina rigunan ruwa. Dattijo ne mai fara'a. Ya ce, "Hajiya, shekara talatin ina kan ruwan nan. Wanda kwanansa bai ƙare ba, ruwa ba ya cin sa." Na ce, "Gaskiya ne Baba, amma Wanda Ya rubuta kwanan, Shi ne Ya umarce mu da riƙon sababi. In babu riga, ni da 'ya'yana ba za mu shiga ba."

Wallahi 'yar uwa, na ji nauyi. Maza sun taru suna kallo, maigida ya sunkuyar da kai yana cewa a hankali, "Malama, ki bari mana, minti nawa ne?" Kunyar nan ita ke kashe mu. Mace ta ga jirgi ya cika har ruwa na taɓa baki, amma kada a ce ta cika tsoro ko ta raina maza, sai ta ja goyonta ta shiga. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne Ɓagwai. A ƙarshen Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ɗaliban Islamiyya, yawancinsu ƙananan yara, suna hanyar zuwa Mauludi. Sa'o'in waɗanda nake koyarwa kullum da yamma ne. A Yunin 2023 sama da mutum 100 suka rasu a yankin Pategi suna dawowa daga biki cikin dare. A Oktoban 2024 kuma a Gbajibo ta ƙaramar hukumar Mokwa, jirgi ya nutse da masu dawowa daga Mauludi, akasarinsu mata da yara. Ki duba, biki ne da Mauludi da cin kasuwa, duk tafiye-tafiyenmu ne na mata. Dalilan kuma ba sa canjawa: lodi fiye da kima, tafiyar dare, tsohon jirgin katako, kututturen itace a ƙarƙashin ruwa, ga babu riga. Abin mamaki, hedikwatar NIWA, hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda ke ta gargaɗi kan tafiyar dare da rashin sa riga, a cikin Lakwajan take.

Da dattijon ya ga da gaske nake, sai ya aiki yaronsa, ba a yi minti goma ba sai ga riguna huɗu. Ashe akwai su, tambaya ce ba a yi. Ta autana ta yi masa yawa, na sa aka canjo ƙarama, domin in rigar ta yi wa yaro girma, da ya faɗa ruwa sai ta zame ta kansa. Ki ɗaure igiyoyin sosai. Ni a kan hijabina na sa tawa, na tattare gefensa na cusa ciki, saboda dogon hijabi in ya jiƙe nauyi yake yi, yana kuma naɗe ƙafa. Mai goyo kuwa ta kwance shi ta riƙe a gaba. Muka karanta addu'ar Annabi Nuhu, alaihis salam, wadda ke cikin Suratu Hud aya ta 41, muka tashi.

Subhanallah. A tsakiyar ruwan mutum yake sanin ƙanƙantarsa. Da yake rani ne ruwa ya ja baya, ga tsibiran yashi, masunta na jefa birgi, ga mata 'yan kasuwa a nasu jiragen da kwanduna. Mai jirgin ya kashe inji ya nuna mana inda launin ruwan ya bambanta, kowane kogi da nasa, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraye. Autana ya miƙa hannu zai taɓa, na riƙe wuyan rigarsa gam. Da damina ba haka wurin yake ba. A 2012 da 2022 ambaliya ta shanye hanyar Abuja a wajen Koton Ƙarfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Saboda haka mai niyyar zuwa da yara ta bari sai ruwa ya ɗauke.

Da muka sauka muka yi azahar raka'a biyu, tun da tsakaninmu da gida ya haura kilomita 300, kuma ba mu yi niyyar zaman kwana huɗu ba. Na ga mata da yawa a hanya suna barin salla gaba ɗaya sai sun isa gida su rama, alhali ga rangwamen kasaru an yi musu.

Sai kasuwar kifi, wadda ba na jin akwai uwargidan da za ta wuce ta. Ga tarwaɗa, ga ƙarfasa, ga giwan ruwa, ɗanye da banda. Yawancin masu sayarwar suna jin Hausa, kuma sun iya ciniki, farashin farko na baƙo ne. In za ki sayi banda, ki ɓare kan guda ɗaya ki duba ko da tsutsa ko gari a ciki, ki kuma shinshina. Wasu na fesa maganin ƙwari don kada ya lalace, in kin ji wari irin na fiya-fiya ki ajiye musu abinsu komai arharsa. Wanda na sayo na sake shanya shi kwana biyu, har yau da shi nake miyar kuka.

Ranar da na koma makaranta na tambayi 'yan ajina wa ya taɓa shiga kwalekwale, domin a nan Kaduna ma akwai mashigan da ake ƙetare kogi da shi, wasu kuma a ƙauyen kakanninsu suke shiga lokacin hutu. Yara bakwai suka ɗaga hannu. Na ce a cikinku wa aka sa wa rigar ruwa? Duk suka sauke, wata ƙarama ma ta ce, "Malama, wace iri ce?" Na zana musu ita a allo, na kuma roƙi shugaban makaranta ya ba ni minti goma a taron iyaye na Asabar mai zuwa.

Sai mun haɗu a kan maganar yaye. Wassalamu alaikum.