Garaɓasar caca a intanet: kyauta ko tarko?

Kamfanonin caca na intanet na jawo matasa da tayin garaɓasa: mutum ya zuba jika 10, a ƙara masa jika 10. Sai dai sharaɗin na ɓoye a ƙasan shafi: sau da yawa sai ya buga kyautar ninki 35, wato jika 350, kafin ya cire ko dala. In kuma ya ci, ana iya riƙe kuɗin da sunan binciken takardu. Ina zai kai ƙara, alhali lasisin da yawansu daga tsibirin Kurasawo yake?

Ya kamata hukumomin Nijar su tilasta bayyana sharuɗɗan a fili, har da Hausa, su buɗe wurin kai kuka. Kafin nan, matasa su tuna: kwaɗayi mabuɗin wahala.