Sudan: Yaƙi ya tona ƙarancin masu tsara tsaron intanet

A farkon watan Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke a kusan duk faɗin Sudan. Kamfanonin MTN da Sudani ne suka fara yin shiru, bayan 'yan kwanaki Zain ya bi sahu. Babu wani ɗan kutse da ya fasa wata kalmar sirri daga nesa. Manyan na'urorin kamfanonin uku duk suna jibge ne a Khartum, a unguwannin da dakarun RSF ke iko da su a lokacin, kuma duk wanda ya riƙe ginin to ya riƙe makunnin. Hukumomin Sudan sun zargi RSF da kashe na'urorin, ita kuma ta musanta.

A jihar Jazira abin ya zo da ƙarin nauyi, domin Wad Madani ta faɗa hannun RSF tun tsakiyar Disambar 2023. Ko da Sudani, daga baya kuma Zain, suka sake tayar da sabis daga birnin Bur Sudan da ke gaɓar Bahar Maliya, yawancin garuruwan Jazira sun ci gaba da zama a duhu wata da watanni. Manhajar Bankak ta Bankin Khartum, wadda ta zama aljihun talaka tun da takardun kuɗi suka yi wuya, a lokacin ba ta aiki sai da intanet. Mai ɗan'uwa a Jidda ko Kano da ya turo masa kuɗin abinci sai ya nemi inda aka kafa farantin Starlink, ya biya kuɗin awa ɗaya, sannan ya biya ɗan kasuwa wani kaso kafin ya ga tsaba a hannunsa. A wurare da dama masu bindiga ne ke da farantin, ko su ke karɓar haraji a kansa.

Idan ana maganar tsaron intanet, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne mai gadi: wanda ke zaune gaban kwamfuta yana sa ido kada ɓarawo ya shigo. Akwai wani ƙwararren da ba a cika ambatonsa ba, wanda aikinsa ke zuwa tun kafin a aza tubali. Shi ne mai zana tsarin. Shi ke tambayar a ina za a ajiye bayanan, kwafi nawa, a garuruwa nawa. Idan wutar lantarki ta ɗauke kwana goma, me zai ci gaba da aiki? Idan aka kama ma'aikaci ɗaya aka tsare shi da bindiga, ƙofa nawa makullinsa zai buɗe? Idan aka sace na'urar baki ɗaya, wanda ya sace zai iya karanta abin da ke ciki ko an kulle shi da lambobin sirri? Waɗannan tambayoyi ne suka ci Sudan da yaƙi. Cibiyar da ke haɗa hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, wato EBS, ta tsaya cak bayan ɓarkewar faɗa ranar 15 ga Afrilun 2023, saboda a Khartum take. Buga fasfo ma ya tsaya, sai a ƙarshen Agustan shekarar aka buɗe sabuwar masana'anta a Bur Sudan.

Wad Madani ta ƙara wani darasi a kan wannan. Da Khartum ta kama da wuta, nan ne mutane da ofisoshi da ƙungiyoyin agaji suka kwarara, har jihar Jazira ta karɓi 'yan gudun hijira kimanin rabin miliyan. Garin ya zama wurin ajiya na biyu ba tare da kowa ya zauna ya tsara hakan ba. Amma tsakaninsa da Khartum bai kai kilomita 200 ba, a kan titi ɗaya miƙaƙƙe, kuma da RSF ta doso shi bai yi mako guda ba ya faɗi. Ɗalibin shekarar farko a fannin tsara tsaro ya san ƙa'idar: ajiya ta biyu ba ta zama inda masifar da ta ci ta farko za ta iya isa.

Abin mamaki, waɗanda suka yi aiki da wannan ƙa'ida a Wad Madani masana aikin gona ne. Hukumar binciken noma ta ƙasar tana da rumbun iri a garin, mai ɗauke da samfuri kusan 17,000 na dawa da gero da sauran amfanin gona. An wawashe firjin da ake ajiye su, aka watsar da irin. Sai dai tun kafin yaƙi masanan sun riƙa aika kwafin irin zuwa rumbun duniya da ke Svalbard, cikin ƙanƙarar arewacin Norwe, kuma a Fabrairun 2025 suka sake kai wani kaso na abin da suka iya tsamowa. Manomin Jazira ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, ya san ba a zuba irin baɗi duka a rumbu ɗaya.

Wasu ƙasashe sun yi hakan da bayanan gwamnati. Kwanaki kaɗan kafin Rasha ta kutsa Yukren a Fabrairun 2022, majalisar ƙasar ta gyara doka don a iya kwashe bayanan hukumomi zuwa rumbunan da ke wajen ƙasa, kuma aka kwashe. Estoniya, wadda ta sha harin intanet a 2007, ta ƙulla yarjejeniya da Lukzambur a 2017 ta kafa abin da ake kira ofishin jakadancin bayanai: ɗakin na'urori a wata ƙasa, amma ƙarƙashin dokar Estoniya. Sudan kuwa ta ɗauke komai daga Khartum ta tara a Bur Sudan. A watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka fara faɗa wa filin jirgin saman birnin da ma'ajiyar mai da tashar wuta, kwanaki a jere.

Me ya sa ƙwararrun suka yi ƙaranci? Sudan ba ta rasa masu kaifin ƙwaƙwalwa ba. Duniya ma ta san da hakan ta mummunar fuska, domin a Oktoban 2024 Amurka ta tuhumi wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar da jagorantar gungun Anonymous Sudan, wanda ta ce ya kai hare-hare fiye da 35,000 a kan shafukan intanet. Amma rushe shafi da ambaliyar saƙonni aiki ne mai sauƙi idan aka kwatanta da gina tsarin da zai jure. Na biyun yana buƙatar shekaru a bakin aiki ƙarƙashin wanda ya fi ka sani, da takardar shaida da kamfanoni suka yarda da ita. Nan ne takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017 ya yi ɓarna a ɓoye. Shekara 20 injiniyan Sudan na fama kafin ya sayi manhaja ta halal ko ya zauna jarrabawar manyan kamfanonin fasaha, sau da yawa sai ya fita waje. A 2014 dandalin karatu na Coursera ya rufe wa ɗaliban Sudan ƙofa saboda wannan doka. Waɗanda suka samu takardun kuma ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha suka kwashe da yawansu, yaƙi ya kori saura.

Yau takunkumin ya tafi, kuɗi ya tsaya a wurinsa. Takardar CISSP, wadda ta fi shahara a wannan fanni, tana neman shekara 5 ta gogewa, kuma kuɗin jarrabawarta dala 749 ne, wato sama da jika 400 na sefa. Kafin yaƙi dala ɗaya tana wajen fam 600 na Sudan, tun 2024 ta haura 2,000. Matashin da ya koma Wad Madani bayan sojoji sun ƙwato ta ranar 11 ga Janairun 2025, ya tarar da gida babu ƙofa babu fanka, ba zai fara da wannan lissafi ba.

Shi ya sa ido ke kan Jami'ar Jazira. An kafa ta a 1975, tana da tsangayar lissafi da ilmin kwamfuta da ta injiniyanci, kuma tun asali an gina ta a kan manufar karatu ya yi wa karkara aiki. Ita ma an wawashe ta. Amma ba ta rasa abin koyarwa ba: tsarin biyan kuɗi da zai yi aiki a ƙaramar waya idan intanet ta ɗauke, rajistar asibiti da za ta rayu a kan hasken rana, kundin gonakin aikin noman Jazira mai kwafi a garuruwa uku. A ƙarshen 2025 gwamnatin Firaminista Kamil Idris ta sanar da kafa hukumar tsaron intanet ta ƙasa. Abin lura shi ne inda kuɗinta zai tafi. Gwamnatocin yankin sun saba fassara tsaron intanet da sa ido a kan masu rubutu a Facebook, kuma a Yulin 2025 hukumar sadarwar Sudan ta toshe kiran murya da na bidiyo a WhatsApp da sunan tsaro. Taron bita na kwana uku a otal, a raba takarda a ɗauki hoto, shi ma ba ya fitar da mai zana tsari.

Ga Hausawan Jazira da Sinnar da Bulu Nayil, maganar ta wuce ta neman aikin yi. Kakanninsu sun zo ne a hanyar hajji, ko bayan yaƙin Burmi na 1903 kamar mutanen Mai Wurno, ko don aikin auduga bayan buɗe madatsar Sinnar a 1925. Fiye da shekara 100 ke nan, amma har yanzu akwai ofishin da ake tambayar jikansu ya kawo shaidar cewa shi ɗan ƙasa ne. Idan rajista ta ɓace, wanda danginsa ke cike da ofis zai samu mai tsaya masa. Mazaunin kambo, wato zangon leburorin gona da ba shi da takardar fili, shi ne zai koma farawa daga tushe. Lambar ɗan ƙasa da aka fara bayarwa a 2011 ta zama mabuɗin asusun banki da fasfo, kuma canjin takardun fam 500 da 1,000 a Disambar 2024 ya tilasta wa jama'a buɗe asusu.

Akwai kuma ɗaya gefen wuƙar. Bayanin da ya faɗa hannun da bai dace ba yana kisa. Waɗanda suka ga rikicin Bulu Nayil na 2022, da yadda aka riƙa zuga jama'a a kan Hausawa a shafukan sada zumunta kafin jini ya zuba a Rusairis da Wad al-Mahi, sun san abin da jerin sunaye da ƙabila da unguwa zai iya jawowa. Ko fom ɗin rajista zai tambayi ƙabila, wa zai iya buɗe wannan shafi, ko na'ura za ta rubuta sunan duk ma'aikacin da ya leƙa, duk a teburin mai zana tsari ake yanke su. Al'ummar da ba ta da ɗanta ko 'yarta a wannan teburi sai dai ta ji labari. Ƙungiyoyin Hausawa da ke tara kuɗin karatun likita da lauya suna da dalilin ƙara wannan fanni a lissafi.

Masu karatu a Maraɗi da Katsina sun ɗanɗana kaɗan daga ciki. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da sassan Katsina da Sakkwato, harkar masu POS ta tsaya. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar Kodibuwa, manhajojin bankunan Najeriya suka riƙa sarƙewa, Nijar da ba ta da teku ita ma ta ji a jikinta tunda ta maƙwabta take samun layi.

A Sudan an fara mayar da ma'aikatu Khartum tun bayan da sojoji suka ƙwace birnin a Maris 2025. Bankuna da kamfanonin waya na gyara gine-ginensu, kuma a wannan gyara ne za a yanke ko na'urorin za su koma ɗakunan da suka fito, ko za a raba su tsakanin Khartum da Bur Sudan da Atbara da Wad Madani, da wani kwafi a wajen ƙasa.